Ciwon Lufus: Idan Sojojin Jiki Suka Juya Wa Mai Gida Baya

 A wannan fitowar za mu ɗan jingine zancen kwalliya da girke-girke, mu taɓo maganar da ta fi su nauyi, domin Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Magana ce a kan wani ciwo da ya fi son 'ya mace, kuma ya fi son ta a daidai lokacin da take ganiyar ƙuruciyarta, lokacin jarrabawa da zance da lefe da haihuwar fari. Sunan ciwon lufus. Da yawanku ba ku taɓa jin sunan ba, amma ina mai tabbatar muku kun taɓa ganin mai irin alamominsa, ko a aji, ko a unguwa, ko ma a cikin gida.

Ga yadda abin yakan faro. Yarinya ce lafiyayya, sai a wayi gari ta fara zazzaɓi yau da gobe. A je kemis a sayo maganin maleriya, ta sha, ta ɗan warware, bayan sati biyu zazzaɓi ya dawo. A ce ai taifot ne, a yi allurai, a ƙara ruwa. Ana cikin haka gaɓoɓin yatsunta su fara ciwo, da safe ba ta iya murɗa kan famfo ko riƙe biro. Mai kitso ta fara ƙorafin gashi yana biyo mataji. Fuska ta yi wani irin tabo. Ga gajiya, ta kwana tana barci amma ta tashi kamar wadda ta wuni tana daka. Daga nan sai tsegumi ya shigo, wannan ta ce sammu ne, waccan ta ce jifa ne, wata ta ce ai kishiyar uwarta ce, wata kuma ta ce iska ce ta shafe ta. A yi ta yawo da yarinya ana kashe kuɗi, alhali ana zaton wuta a maƙera ne ita kuwa tana can masaƙa tana ci. Ciwon yana cikin jininta, yana da suna, yana da gwaji, yana kuma da magani.

Sojojin gida

Kowane ɗan Adam yana da abin da likitoci ke kira garkuwar jiki. Ki ɗauka jikinki gari ne, a cikinsa akwai sojoji masu sintiri dare da rana a cikin jini. Da zarar ƙwayar cuta ta shigo, ko ta mura ko ta ƙyanda ko ta maleriya, sai su gane baƙuwa ce, su ƙera makamai daidai da ita, su far mata. Zazzaɓi da kumburin da kike ji lokacin rashin lafiya, ƙurar wannan yaƙin ce. Babban aikin sojojin nan shi ne su bambance ɗan gari da baƙo.

To, a jikin wasu mutane wannan bambancewar ce take lalacewa. Sai sojoji su dubi fatar mai gida ko gaɓoɓinta ko ƙodarta su ɗauka abokan gaba ne, su ƙera makamai su yi ta sara. Irin waɗannan cututtuka na jiki-ya-yaƙi-kansa sun haura 80. Idan sojojin suka nufi gaɓoɓi, sai a samu amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu. Idan suka nufi inda jiki ke haɗa sinadarin sarrafa sukari, sai a samu ciwon sukari irin na yara, wanda sai da allurar insulin kullum. Idan suka nufi halittar da ke gaban wuya, sai ki ga mace tana ramewa tana cin abinci, zuciya na bugawa, idanu sun firfito. Idan suka nufi masu ba fata launi, sai fata ta yi dabbare-dabbaren fari. Shi kuwa lufus ba ya zaɓe, fata da gashi da gaɓoɓi da jini da ƙoda da huhu da zuciya, har ƙwaƙwalwa, duk yana iya taɓawa. Shi ya sa muka ɗauke shi ya zama abin misalinmu.

Kada ki ɗauka abin tsiraru ne. A shekarar 2023 an fitar da wani bincike da ya duba bayanan asibiti na mutane miliyan 22 a Birtaniya, aka ga kusan mutum 1 cikin 10 yana da ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka, mata 13 cikin 100, maza 7 cikin 100. A shekarar 2025 kuma kyautar Nobel ta fannin likitanci ta tafi ne ga masana uku, Shimon Sakaguchi na Jafan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka, saboda gano wasu ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne tsawata wa sojojin nan don kada su taɓa 'yan gari.

Me ya sa mu mata?

A cikin masu lufus 10, guda 9 mata ne, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato shekarun al'ada da haihuwa. Masana sun ce sinadaran jikin mace suna da hannu. Haka nan a cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani zaren gado da ake kira X, mace tana da biyu, namiji yana da ɗaya, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a 2024 ya nuna yadda jiki ke rufe bakin X na biyun yana iya rikita sojojin garkuwa. Akwai gado a ciki, amma gado kaɗai bai isa ba, domin ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ta samu, sau da yawa ɗayar ba ta samu. Sai an haɗu da abin da zai tsokano shi, kamar zafin rana, ko wata ƙwayar cuta, ko hayaƙin taba, ko wasu magunguna.

Akwai lokacin da likitoci suka ɗauka wannan ciwon Turawa ne. A 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, da ke aiki a Ibadan ya rubuta cewa da wuya a ga irin waɗannan cututtuka a asibitinsu. Daga baya da likitocinmu suka fara nema da kayan gwaji, sai aka yi ta samun masu shi a Legas da Kano da Zariya da Maiduguri. A Amurka kuwa an tabbatar mata baƙaƙe sun ninka fararen mata sau biyu zuwa uku wajen kamuwa da lufus, kuma nasu ya fi saurin taɓa ƙoda. Ashe dai ciwon yana nan, sunansa ne ba mu sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Abu ɗaya ki riƙe: ba a ɗaukar lufus. Ki ci abinci kwano ɗaya da mai shi, ki kwana gado ɗaya da ita, ki ara mata mayafi, babu abin da zai same ki. Ba ƙanjamau ba ne, ba kansa ba ne, ba kuma sikila ba ne, ko da yake ciwon gaɓoɓin yana sa a rikita su.

Alamomin da za ki lura da su

Asalin kalmar lufus daga harshen Latin ne, ma'anarta kyarkeci, saboda likitocin dā sun ga tabon fuskar kamar cizon dabbar. Fitacciyar alamarsa ita ce tabon da ke shimfiɗuwa a kan kumatu biyu ya haye karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. A farar fata ja yake fitowa, a tamu kuwa ya fi zuwa da duhu ko ruwan ƙasa, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙunar man shafawa. Ba kowace mai lufus ke da wannan tabo ba. Wata nata zagayayyen tabo ne a cikin kunne ko a fatar kai, ya warke ya bar fari a tsakiya da baƙi a gefe, gashi kuma ya ƙi fitowa a wurin.

Sauran alamomin su ne zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ciwo da kumburin gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da gwiwa wanda ya fi tsanani da safe, zubewar gashi musamman gaban goshi, gyambo a ganɗar baki wanda sau da yawa ba ya zafi, rama, ƙarancin jini, ciwon ƙirji idan an ja dogon numfashi, da yatsun da ke canza launi suna zugi lokacin hunturu ko in an taɓa ruwan sanyi. Wata kuma da ta shiga rana sai jikinta ya rikice, ƙuraje su feso, zazzaɓi ya rufe ta. Idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kawo farfaɗiya ko surutai, a nan ne fa ake cewa aljanu.

Wadda ta fi kowacce haɗari kuwa ita ce ba ta da zafi ko kaɗan. Kusan rabin masu lufus ciwon yana taɓa musu ƙoda, ita kuwa ƙoda shiru take lalacewa. Abin da za ki gani shi ne fitsari yana kumfa kamar an zuba sabulu, ƙafafu suna kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta kumbura da safe, jini ya hau. Wanda ya ga haka ya tsaya shan jiƙe-jiƙe, to yana wasa da wankin ƙoda. Mawaƙiyar Amurka Selena Gomez ta bayyana tana da lufus a 2015, a 2017 sai da aka yi mata dashen ƙoda, ƙawarta ce ta ba ta. A nan gida ma 'yar fim ɗin Yarbawa Kemi Afolabi ta fito a 2022 ta faɗa wa duniya tana fama da shi.

Halin ciwon nan shi ne ya tashi ya kwanta. Wata uku mace tana kwance, wata shida tana yawonta kamar ba ita ba. Wannan ne ke yaudarar mutane, duk abin da aka sha dab da kwanciyarsa sai a ce shi ne ya yi magani, a kuma daina zuwa asibiti.

A gaban likita

Ba duk mai ciwon gaɓoɓi ko zubewar gashi ke da lufus ba, kada kowa ta tsorata. Amma idan alamomi biyu ko uku suka haɗu, suka wuce wata guda, an yi maganin maleriya da taifot babu sauƙi, to lokaci ya yi da za a wuce kemis. Ko a Amurka da Ingila, masu ciwon da aka tambaya sun ce sun ɗauki kimanin shekara 6 kafin a gano abin da ke damunsu, balle mu nan.

Ki taimaki likita ya taimake ki. Ki sami ɗan littafi ki rubuta ranar da kowace alama ta fara. In tabo ya fito ki ɗauke shi hoto a waya, domin yana iya ɓacewa kafin ranar asibiti. Ki tafi da kwalayen duk abin da kika sha, har na gargajiya, har man da kike shafawa. In kin taɓa ɓari ki faɗa, in akwai mai irin ciwon a dangi ki faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ba rashin kunya ba ne ki ce, "Likita, don Allah ko za a duba min lufus?"

Babu gwaji ɗaya tak da ke yanke hukunci. Za a fara da masu sauƙi: ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin fitsari don a ga ko sinadarin gina jiki ko jini yana zuba, da gwajin aikin ƙoda. Sai babban gwajin da ake kira ANA, mai neman makaman da jiki ya ƙera wa kansa. Fiye da 95 cikin 100 na masu lufus yana nunawa a jininsu, amma fa akwai masu lafiya garau da yawa da shi ma yake nunawa a nasu, don haka takardar ANA kaɗai ba ta mai da ke mai lufus. Likita zai ƙara da wasu gwaje-gwajen jini, ya haɗa da abin da idonsa ya gani. In ana zargin ƙoda, akan sa siririyar allura a ɗebo ɗan mitsitsin namanta a duba, don a san ƙarfin maganin da ya dace.

Likitocin da suka ƙware a wannan fanni, wato likitocin gaɓoɓi da garkuwar jiki, ba su da yawa a ƙasar nan, an fi samunsu a manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri. Ki nemi likitanki ya ba ki takardar turawa. Gwaje-gwajen da tsada, ba a musu, amma kuɗinsu duka bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na 'yan watanni ba.

To, akwai magani?

Har yanzu babu maganin da ke tumɓuke lufus gaba ɗaya, duk wanda ya ce miki yana da shi a kwalba kuɗinki yake so. Amma akwai magungunan da ke kwantar da shi ya yi shekaru bai motsa ba. A shekarun 1950 kusan rabin masu ciwon ne kawai ke kai shekara 5 bayan an gano shi. Yau a ƙasashen da ake samun magani a kan kari, fiye da 90 cikin 100 suna wuce shekara 10, da yawa suna tsufa da jikokinsu.

Uwar magungunan, abin mamaki, 'yar'uwar kulorokwin ce da iyayenmu suka sha don maleriya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka lura sojojin da ke shan maganin maleriya, masu ƙurajen fata da ciwon gaɓoɓi a cikinsu suna samun sauƙi. Daga nan aka bi sawu har aka zo ga haidiroksi-kulorokwin, wanda ɗaya daga cikin sunayensa a kwali shi ne Plaquenil. Yana rage tashin ciwon, yana kare ƙoda, yana ƙara tsawon rai. Sai dai ba ya gaggawa, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, kuma ana shansa ne ko da an ji garau. Mai shansa za a duba mata ido a farko, bayan shekara 5 kuma a riƙa dubawa duk shekara. Kada ki ce tunda kina shansa kin fi ƙarfin sauro, ki ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Na biyu shi ne firednisolon, daga dangin magungunan da ake kira sitiroyid. A 1948 aka fara gwada kakansu a asibitin Mayo na Amurka, a kan wata mata 'yar shekara 29 da amosanin gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, likitan mai suna Philip Hench ya samu kyautar Nobel a 1950. Shi wannan kamar motar kashe gobara yake, yana kashe wutar nan take. Amma in an daɗe ana shan mai yawa yana kumbura fuska, ya kawo ƙiba da nankarwa da hawan jini da ciwon sukari, ya kuma cinye ƙashi. Shi ya sa likita ke rage shi a hankali har ya koma ɗan kaɗan. Ki ji da kyau: wadda ta yi makonni tana shansa kada ta kuskura ta daina rana ɗaya don ƙawaye sun ce fuskarta ta zama kamar wata, yin haka yana iya sa jini ya faɗi har a rasa rai.

In ciwon ya taɓa ƙoda ko ya yi tsanani, sai a ƙara da masu rage wa sojojin ƙarfi, irin su azatayofirin da maikofenolet da metotirekzet da saikulofosfamaid. Su suna buƙatar gwajin jini akai-akai, kuma kafin a fara akan duba tarin fuka da ciwon hanta. Tunda an rage wa sojoji ƙarfi, mai shansu in ta ji zazzaɓi ba ta jira gobe, a ranar za ta ga likita. A 2011 Amurka ta amince da Benlysta, maganin farko da aka yi musamman don lufus cikin fiye da shekara 50, a 2021 aka ƙara wasu biyu. A 2021 ɗin dai likitoci a garin Erlangen na Jamus suka ɗebi ƙwayoyin garkuwar wata budurwa 'yar shekara 20, suka gyara su suka mayar mata, ciwonta ya kwanta har ta ajiye magunguna. Wannan hanya tana matakin gwaji, ga tsadar gaske, amma ta nuna inda aka dosa.

Hattara da sha-ka-fashe

A nan sai na ja kunnenku, masu lafiya da marasa lafiya. Ƙwayoyin nan da wasu 'yan mata ke saye don su yi ƙiba kafin biki, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, sau da yawa dekzametason ne ko firednisolon, wato sitiroyid ɗin nan da muka faɗa. Haka da yawan mayukan bilicin, sitiroyid ne a cikinsu. Ga mai lafiya guba ne a hankali. Ga mai lufus da ba a gano ba kuwa, suna rufe alamomin, tabo ya dushe, gaɓoɓi su lafa, likita ya kasa ganin komai, ƙoda kuma tana can tana lalacewa.

Haka magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa, suna wahalar da ƙoda. Septrin ma an san yana tayar wa masu lufus da ciwo, don haka duk inda za a rubuta miki magani ki faɗi ciwonki tun farko. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da magungunan da ake tallar suna ƙara ƙarfin garkuwar jiki, ki nisance su. Ke da sojojinki suka yi miki bore, ina ke ina ƙara musu makamai?

Maganar aure da haihuwa

Na san wannan ce tambayar da ke cin zuciyar kowace budurwa. Amsa ita ce e, mai lufus tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa, kuma mafi yawan 'ya'yanta ba za su gaji ciwon ba. Sharaɗin dai shi ne ciki ya zo da shiri. Likitoci suna so ciwon ya kwanta na aƙalla wata 6 kafin a ɗauki ciki. Metotirekzet da maikofenolet da saikulofosfamaid suna nakasa ɗan tayi, dole a canza su tun kafin ciki, amma haidiroksi-kulorokwin da azatayofirin ana ci gaba da su. Babban kuskure shi ne mace ta ga ɓatan wata ta zubar da magungunanta duka. Awonta kuma na babban asibiti ne, ba na ɗakin shan magani na unguwa ba.

Wasu matan jininsu yana da wasu makamai masu sa shi daskarewa, su toshe hanyar abincin ɗan tayi, a yi ta ɓari ko haihuwar ɗa ba rai. Wani likita a Landan, Graham Hughes, shi ya bayyana wannan a 1983. Ana gano shi da gwajin jini, ana kuma ba da ƙaramin asfirin da allurar hefarin, da yawa su haihu lafiya. Mata nawa aka saka, ko aka yi musu kishiya, ko aka raba su da dangin miji da gaba, a kan abin da allura ke magani? Mai irin wannan jinin ba kowace ƙwayar tazarar haihuwa ce ta dace da ita ba, sai ta tambayi likita. Bayan haihuwa ma a sa ido, ciwon yana son tashi lokacin jego, kuma mai matsalar ƙoda ko hawan jini kunun kanwa ba nata ba ne.

Gwajin da ake yi kafin aure yana neman sikila da ƙanjamau da ciwon hanta ne, ba ya nuna lufus. Saboda haka faɗa wa manemi ya rage gare ki da iyayenki. Shawarata, idan magana ta yi nisa, kafin a sa rana, a faɗa masa, a ɗauke shi ya je ya ji daga bakin likita. Wanda ya gudu a waje ya rage miki wahala, ya fi wanda zai gano a ɗaki ya ce an cuce shi, ke kuma kina ɓoyon ƙwayoyi a ƙarƙashin katifa kina tsallake sha. Magani na kullum ne da kuɗi na kullum, sai da miji mai sani da tausayi.

Zama da shi yau da gobe

Rana ita ce babbar abokiyar gabar mai lufus, mu kuwa a ƙasar rana muke. Ki guji fita tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma in ba dole ba, ki riƙe lema, ki sa sutura mai dogon hannu, ki shafa man kare hasken rana mai lamba 50 a fuska da bayan hannu, domin hijabi bai rufe su ba. Tunda kina gudun rana, likita zai iya ba ki bitamin D saboda ƙashi. Ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki ci ganye da kifi da wake, ki riƙa ɗan tattaki da yamma, ki sami barci. Shisha da taba kuwa ko kusa, suna tayar da ciwon suna kuma rage ƙarfin magani. Kafin azumi ki zauna da likitanki a tsara lokutan shan ƙwayoyi, in ƙoda ta taɓu ki bi abin da ya ce.

'Yar makarantar kwana ta karɓo takarda daga likita ta kai wa shugabar makaranta da metiron, a ɗauke mata tsayuwar asambili cikin rana da aikin leba da horon durƙuso a fili. Ku kuma ƙawaye, in kun ga fuskarta ta kumbura ko gashinta ya zube, ba abin dariya ba ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku kwafar mata darasi ranar da take asibiti, ku ɗebo mata ruwa ranar da yatsu suka ƙi. Iyaye mata, yarinyar da ta ce ta gaji alhali ba ta yi aikin komai ba, kada a yi saurin ce mata raguwa, gajiyar lufus ba ta fitowa a fuska. In damuwa ta yi mata yawa, tana kuka ita kaɗai, wannan ma a faɗa wa likita, yana cikin abin da ake magani.

Ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar lufus ta duniya, tun 2004 ake yinta. Ba sai kin jira ta ba. Ki ba ƙawarki wannan shafi ta karanta, ki karanta wa Umma da Gwaggo da ba sa karatun boko. In akwai wadda kika sani tana ta shan maganin maleriya wata da watanni babu sauƙi, ki ce a kai ta a gwada mata fitsari da jini, gwajin fitsarin nan kuɗinsa kaɗan ne amma yana iya ceton ƙoda biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.